Na Hana Ɗan Malam Dawowa

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mani hukunci ku ji ni har ƙarshe, don ba ni da wanda zan gaya ma wannan magana sai takarda.

Ni malamin elemantare ne a Kankiya. Akwai wani dattijo a Kusada, zan ce da shi Malam kawai, amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin Hausa ya san shi. Shi ne mai labaran nan na ban mamaki, garin da ke ƙarƙashin rijiya, da mutanen da ke sayar da mafarki a kasuwa. Da ajami yake rubutu, bai san boko ba. Ni ke hawa keke duk Juma'a in karɓo takardun, in juya su boko, a aika Zariya a buga. Shekara tara muna haka. Ni baƙo ne a ƙasar nan, in ba zaurensa ba, babu inda nake zama a ce mani "ka ci abinci kau?"

Littafin da ya fi ɗaukaka shi shi ne na ɗan maƙerin da ya ƙera rumbun ƙarfe, ya shiga, ya tashi zuwa wata tauraruwa inda kwana ɗaya shekara ce a nan. Abin da ba ku sani ba, Malam na da ɗa guda da aka ɗauka soja aka kai yaƙin Bama, har yau ba shi, ba labarin gawarsa. A ajamin Malam, ɗan maƙerin ya dawo, ya iske ubansa a zaure ya tsufa, suka ci tuwo akushi ɗaya. Ranar da ya miƙo mani takardun, ya ce, "Malam ƙarami, wannan ka rubuta shi da kyau."

To a daminar shekarar da ya ba ni su matata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Na zauna da alƙalami, na zo wurin "ya dawo", wallahi hannuna ya ƙi. Wa ke dawowa? Ni wa ya dawo mani? Haushi ya kama ni, har da Malam ɗin, na ce tsoho na yaudarar kansa yana yaudarar mutane. Sai na rubuta cewa rumbun ya fashe a can, yaron na zaune yana hangen duniya kamar ƙwayar gero, uban kuma kullum yana aje mashi tuwo har ya huce. Na liƙe, na aika. Kaico, ko istigfari ban yi ba a ranar.

Kun san abin da ya fi ci mani rai? Wannan ƙarshen ne mutane suka so. Daga Fakuwa, daga Sukuntuni, har daga Katsina ake zuwa gaishe shi, a ce, "Malam, ka sa mu kuka." Shi kau sai ya yi murmushi ya ce, "Ai saduwa akwai sa kuka." Ni ina gefen tabarma ina kallon ƙasa. Wanda duk ya fara zancen ƙarshen sai in katse shi da tambayar gona. Sau uku yana cewa in karanta mashi, sau uku ina riƙe da littafin ina karanto nasa ƙarshen daga kai. Ya lumshe ido ya ce, "Haka ne, haka ne." Sa'annan in hau keke in koma ɗakin da ba kowa. Wane irin mutum ne ni? Amana ya ba ni, na kashe mashi ɗa a takarda, kuma da sunansa.

Bara aka buɗe ajin manya a Kusada, Malam ya shiga, da furfurarsa da allonsa. Na ce, "Haba Malam, ga ni, me za ka yi da boko?" Ya yi dariya ya ce, "Kishi kake? So nake in ga yaran labaraina da idona." Na yi tunanin ɓoye littafin, amma duk gidan mai karatu akwai shi. Na yi tunanin neman canji a kai ni nesa, to in tafi wurin wa?

Juma'ar da ta wuce na iske shi da yatsa a kan layi, yana haɗa baƙi a hankali. Saura mashi shafi biyu. Ya rufe littafin ya ce, "Nan ba zan karanta ni kaɗai ba. Kullum kai ke karanta mani, Juma'a mai zuwa ni zan karanta maka, ka ji yadda yaron ya shigo zauren."

Yau Talata. In na riga shi faɗa, na rasa shi. In na yi shiru, da bakinsa zai karanta cewa yaron bai dawo ba, ina zaune gabansa. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?