Awa Biyu a Tanda

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar, ya zaman ritaya? A gaida Mama.

Baba, na gaji. Shekara huɗu ke nan ina ɗakin gwajin nan marar taga, daga ni sai ƙarar famfon zuƙe iska. Ka san aikin da Farfesa ya ɗora min: in saki iskar kiriftan a kan girafait, baƙin nan na cikin fensir, in sanyaya, in ga ta kwanta siririya, ta zama kamar ruwa, sannan ta daskare. A takardar da ta yi masa suna ya ce akwai wani hali na daban tsakanin ruwan da daskarewar. Sau arba'in da ɗaya na gwada, ko alamarsa ban gani ba. Ya ce ba zai sa hannu a kundin digirina ba sai na gani, wai hannuna ne ba kyau. Wa'adina zai cika watan gobe.

Kai ka haɗa masa injin lokacin da ya yi gwajin takardar tasa. Don Allah ina nake kuskure?

'Yarka ta ɗakin gwaji.

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙafa da sauƙi, Mamarki na amsawa.

Kwana uku wasiƙarki na aljihuna. Hannunki lafiya lau. Ƙa'ida a gasa girafait awa goma sha biyu a tanda, danshi da datti su fita tas. Ranar da muka yi wancan gwajin aka aiko min Mamarki na naƙudar ƙaninki, sai na kashe tandar bayan awa biyu na ruga asibiti. Abin da Farfesa ya gani ragowar danshi ne. Da na ga murnarsa sai na ce gobe zan faɗa. Yau shekara goma sha tara ina cewa gobe.

Ki kai masa wannan wasiƙar. Kunya tawa ce, ni zan sha.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki na injuna.

Baba,

Ina gaisuwa, amma wallahi raina a ɓace yake. Kana nan shekarata ta farko, kana kawo min shayi kana cewa in ƙara haƙuri!

Na kai har ofishinsa da wasiƙarka a jaka. Ban gama cewa “ko girafait ɗin ne” ba ya miƙe tsaye.

“Ke ce za ki gyara min aikin da na yi kina firamare?”

Na fito ban nuna masa ba. Baba, in na nuna masa, ni zai kora, ba kai ba. Kai ka riga ka tafi.

Ka huta lafiya.
'Yarka.

'Yata,

Gaisuwa. Kina da gaskiya. Jira ni ƙafar ta saki, in zo da kaina. Kada ki taɓa tandar nan.

Babanki.

Baba,

Ina gaisuwa. Ban jira ba.

Awa biyu na gasa. Halin nan ya fito raɗau, kamar yadda yake a takardarsa. Farfesa ya sa hannu, har da ƙwalla. Ya ce ba zai sake ni ba, ya samo min aiki a ɗakin nan, in koya wa sababbin ɗalibai biyu yadda ake yi.

Litinin za su fara. Baba, awa nawa zan ce musu?

Ka huta lafiya.
'Yarka.