Idon Oga Ejike

Samaru, 9 ga Maris, 2004

Yaya Christabel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Mama, da yara?

Na fara aiki a shagon ƙarfe na Oga Ejike a Sabon Gari, bayan unguwar PZ. Akwai injin da ke danne farantin ƙarfe ya karya shi kwana, akwai mai gangar ƙarfe uku da ke naɗe shi ya zama tanki. Bututu kuwa sai an ɗura masa yashi kafin a lanƙwasa, don kada ya lotse.

Na yi lissafi yadda aka koya mana a makaranta, na lanƙwasa ƙafafun benci arba'in. Da na saki, duk suka buɗe. Oga ya shafa ɗaya da tafin hannu, ya ce in riƙa zarcewa kaɗan, ƙarfe yakan ja da baya. Na ce kaɗan nawa? Ya ce hannu ne ya sani. Har yau ban gane ba.

Ƙaninki,
Othniel

Samaru, 2 ga Yuni, 2004

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai kaina ya ɗaure.

Ashe Oga ba ya gani sosai. Na kama shi riƙe da tef ɗin awo a juye yana yi kamar yana karantawa. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, ko matarsa Madam Oby, don masu kawo aiki za su gudu. Shekaranjiya hannun rigarsa ya shiga tsakanin gangunan injin, da ƙyar na kashe wuta.

Ga shi kamfanin nan na Kaduna da na nemi aiki a wurinsu sun kira ni, in je in fara ranar Litinin. In na tafi, wa zai tsaya kusa da makunnin injin?

Jiya na karya alkawari, na je gidansu a Jushi na faɗa wa Madam. Ko cokalin hannunta ba ta ajiye ba. Ta ce shekara biyu ke nan da ta sani, ita ce ma ta matsa masa ya ɗauki mai karatu. Ta roƙe ni kada in bari ya gane ta sani.

Yanzu ina riƙe wa miji asiri, ina riƙe wa mata. Na rubuta wa Kaduna su ƙara mini wata guda. Kada ki faɗa wa Mama tukuna.

Naki,
Othniel