Ba Ya Motsi

Longsight, Manchester
9 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Zinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Kin ce ba ki ji murna a muryata ba da waƙar su Bara'u ta karɓu. Gaskiya ne. Shekara bakwai mijina Bara'u da abokinsa Ebenezer suna danna keyboard na kiɗa a ɗakin baya, ba mai sauraronsu sai ni. Yanzu rediyo, shaguna, har mahauta a Stockport Road, kowa ita yake sakawa.

Yaya, muryar macen da ke amshin, tawa ce. Kin tuna ranar da na rasa cikina na wata takwas? Ina kan hanyar asibiti na tura masa saƙon murya: Bara'u ka zo, ba ya motsi. Shi ya yanka, ya ɗora a kan kiɗa, bai tambaye ni ba. Turawa ba su san ma'anarsa ba. Jiya a bas 'yanmata uku suna rerawa suna dariya, sai da na sauka tun ban kai gida ba.

Da na yi masa magana kuka ya yi, wai ta haka kaɗai ya iya makokin ɗanmu. Na yarda ba ƙarya yake ba. Amma ba zai janye waƙar ba.

Ki gyara mini ɗaki, ina nan tafe wurinki. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Shifa

Handsworth, Birmingham
2 ga Yuli

Zuwa ga Bara'u,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kuma kana cin abinci a kan lokaci.

Na ga saƙonninka. Na ji an ce mutum dubu biyar suka amsa maka a wasan Asabar. Ban yi maka baƙin ciki ba, na san wahalar da ka sha.

Na zaci nisa zai taimaka da na dawo gidan Yaya Zinatu, ashe nan ma waƙar tana ko'ina, har ɗakin jira na likita. Abin da ya sa na rubuto shi ne, shekaranjiya ina wanke-wanke na kama kaina ina rera ta, har ina kaɗa kai. Na kai ƙarshen amshin kafin na tuna wanda nake nufi.

Kada ka zo ɗaukata. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Matarka har yanzu,
Shifa