Hanyar Kufai

Zuwa ga maiɗakina, marigayiya Hurera.

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinki, ina sanar da ke cewa ni da kaina nake rubuta wagga takarda, ba wani na sa ba. Na san ba za ta same ki ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki. Duk da haka na ga ya wajaba in rubuta, domin akwai maganar da ba ta faɗuwa a majalisa.

Da farko ga labarin gida. Ɗiyarki Asabe ta sauka lafiya can Anka, an samu mace, an mayar da sunanki, ana ce mata Inna Ƙarama. Gero ya yi kyau bana, maiwa ce ruwa ya ɗauke mata da wuri. Akuyarki ja ta haifi biyu. Ni kuma na kammala ajin yaƙi da jahilci, ni na zo na ɗaya, Malam Bitrus mai koyar da mu ya miƙa mini takardar shaida a gaban mai unguwa. Yanzu duk wasiƙar da ta shigo unguwarmu ta Zugu, hannuna take biyowa. Na so ƙwarai a ce kin ga wannan rana.

Bayan haka, dalilin wagga takarda shi ne zancen hanyar gona.

Kin san tun shekarar da gulbi ya ci tsohuwar unguwarmu muka dawo tudu, gonata ba ta da nisa da gida. Matar kowa takan kai fura da hantsi. Ke kuwa sai rana ta take, domin ba ki bin miƙaƙƙiyar hanya, sai kin zagaya ta kufai. Damina goma sha takwas kina haka. Na yi faɗa, na yi fushi, na kai ƙara wurin Innarki tun tana da rai. Kullum sai ki durƙusa ki aje ƙwarya, ki ba ni haƙuri, gobe kuma ki sake.

Kin tuna ranar gayya? Maza sun cika gonata, makaɗa sun gaji, yunwa ta sa an zubar da kalmin noma an shiga inuwa. Da kika iso, a gaban mutane na ce halin mace sai Wanda Ya halicce ta. Aka yi dariya. Daga ranar maganar ta zama tawa. Duk wanda ya samu saɓani da iyalinsa ya zo neman shawara, ita nake ba shi, ina misali da ke. Mutane suna cewa Malam Garba ya san duniya, ni kuma ina jin daɗi. Na taɓa yin niyyar bin sawunki in ga abin da ke tsare ki, sai na ga ba girmana ba ne.

Ranar sadakar arba'in ɗinki, ƙanwarki Ladi ta zo daga Gummi. Ina zaune a zaure ina yabonki, na ce ke mace ce ta gari, sai dai har kika koma ban gane kanki ba, kuma haka mata suke. Ashe tana ji ta bayan zana. Da mutane suka watse ta fito. Kin san tsakanina da ita wasa ne, amma ran nan babu wasa a fuskarta. Ta tambaye ni wa na bari a kufai. Na ce ban bar kowa ba. Sai ta ambaci sunan da ke ba ki taɓa ambata ba.

Usmanu, ɗanmu na fari. Wata huɗu ya yi a duniya. Ni da hannuna na haƙa masa a bayan ɗakinki na tsohon gida, kamar yadda ake yi wa jarirai a lokacin. Ranar ban ga hawayenki ba. Na san da kunyar ɗan fari, na san ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a kiran sunansa, ba a yi masa kuka a ji. Amma ni na zaci kunyar har cikin zuciya take kaiwa. Na zaci kin manta, domin ni na manta.

Ladi ta ce kullum sai kin tsaya wurin, ki sauke ƙwarya, ki cire ciyawa, ki gyara ƙayar da kika kewaye shi da ita don kada shanun Fulani su taka. Ta ce kin roƙe ta kada ta gaya wa kowa, kada a ce ba ki da kunya.

Hurera, me ya hana ki gaya mini? Amma da wane baki nake wagga tambaya? Yaushe na ba ki wurin faɗa? Na zauna na lissafa shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, ban samu rana guda da na tambaye ki dalili ba. Faɗa na yi, ban yi tambaya ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa ƙwaryar nake kallo.

Jiya da hantsi na bi hanyar taki. Ta fi yadda nake zato nisa, ga ƙaya, ga kwazazzabo, ke kuma da kaya a kai kike binta, wani lokaci da goyo. Na isa kufai na tarar ruwa ya narkar da katangu, ciyawa ta kai ƙugu. Na zagaya sau uku ban gane inda ɗakinki yake ba. Damina ɗaya tak ba ki zo ba, wurin ya ɓace. Ni da na haƙa ban san inda ɗana yake ba. Na tsaya a tsakiyar fili na yi addu'a, ban san wane gefe zan duba ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Ranar da ciwo ya tsananta, kafin a samu motar da za ta kai ki asibiti, kin kira ni kika nemi gafarata. Na gyara zama na ce na yafe miki duniya da lahira, har da jinkirin kai abinci gona. Da bakina na faɗi haka, ina ganin na yi karamci. Kika rufe ido kika yi godiya. Ni kuwa ban nemi taki ba. Bai ma zo mini a rai ba cewa akwai abin da zan nema.

Limaminmu ya ce haƙƙin da ke tsakanin bawa da bawa sai mai shi ya yafe. To, mai shi ta tafi. Shi ya sa nake nema yanzu, a rubuce, ko da lokaci ya wuce. Ki gafarta mini dariyar da na sa aka yi miki. Ki gafarta mini gafarar da na yi miki a kan abin da ba laifi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kin huta, Ya sada ki da yaron, a inda babu mai hana ki kiran sunansa.

Ni ne mijinki mai jiran amsa har ranar da za mu gamu,
Garba.