Mun Yi Sallama Da Gumbihini Kaf, Ashe Keteke Ba Ya Zuwa Kumasi

Zuwa ga mai girma babban shugaban jirgin ƙasa na Gana.

Ranka ya daɗe, kana ina? Daga Tamale nake kiranka. Ban san sunanka ba, ban san ƙofar ofis ɗinka ba, shi ya sa na rubuta a waya na saki, duk wanda ya san ka don Allah ya tura maka. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya iyali, ya madam da yara? Allah ya ƙara girma.

Ni ce Adiza, mai koko da ƙosai a Gumbihini. Yarana huɗu. Makarantata aji huɗu ta tsaya, don haka in ka ga rubutu ya karkace ka yi haƙuri, yadda nake magana haka nake dannawa. Ƙara na kawo, amma ba ta faɗa ba ce, ni kaina dariya nake ina share hawaye.

Maganar tsohuwata ce, Mma Azara. Babanmu, Allah ya jiƙansa, leburan layin jirgi ne a Takoradi. Da aka kai masa Mma tana amarya, sai ya saka ta a jirgi, keteke kamar yadda take ce masa, ya kai ta Kumasi ta gai da danginsa na zango. Wannan tafiya ɗaya mun sha labarinta har mun haddace. Yadda ta ga itacen koko ta taga ta ce wane irin gwanda ne ke fitowa a jikin kututture. Yadda jirgi ya yi kuka ta ƙanƙame Baba a gaban mutane, kunya ta hana ta ɗaga kai har tasha uku. Yadda suka sauka garin sarkin Asante ta ga kasuwa ba ta da ƙarshe. Yanzu idonta ya fara hazo, likita ya ce abin gaba yake yi. Da sallar layya ta ce min, “Adiza, kafin labulen nan ya rufe, ina so in sake shiga Kumasi a keteke, ni a bakin taga.” Na ce an gama, Mma.

To ga yadda aka yi, zan jera maka.

Na ɗaya. Na ga sabon jirgi a talabijin ɗin maƙwabta, fes da shi, manya na ɗaga hannu. Turanci ake ta yi, ni dai na ji ana kiran Gana Gana. Na ce alhamdu lillahi keteke ya dawo, har ya yi ƙiba. Ba wanda ya faɗa da Hausa ko Dagbanci cewa daga nan ya tashi, nan ya tsaya. Wannan laifinku ne, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba. Rashin tambaya kuma nawa ne.

Na biyu, shirin da na yi, kuma ka yaba min don shiri ne na mai hankali. Na san mu nan arewa ba mu da layin jirgi, ko ƙarfe ɗaya ba a taɓa shimfiɗa mana ba. Sai na ce mu hau mota zuwa Takoradi, mu sauka wajen ƙanena Idirisu, ba kuɗin masauki. Daga can mu hau keteke zuwa Kumasi, kujerar talakawa ta ishe mu in dai akwai taga. A Kumasi mu kwana wajen gwaggonmu a zango. Dawowa kuma Alhaji Dawuda mai lorin doya ya ce ai fanko yake juyowa, gaban mota namu ne, ko sisi ba zai karɓa ba. Abinci daga gida, ba ruwanmu da tsadar hanya. Wata biyar ina cire sidi biyar kullum daga cinikin koko ina jefawa a gwangwanin madara. Ka ga ai ban yi wasa ba.

Na uku, nan ne gizo ke saƙar. Ban sani ba ko ku can kudu kuna yi, amma mu nan mutum ba ya fita doguwar tafiya kamar ɓarawo. Sai ka bi gida gida ka yi sallama, a yafi juna, a sa maka albarka, a danƙa maka na shan ruwa a hanya, mai saƙo ya ba da saƙo. Mma kuwa ta ce ba ƙofar da za a tsallake. Kwana uku muna yi. Muka gama Gumbihini, muka hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, muka je Kukuo wajen ƙawayenta, har Bulpiela muka leƙa. Ko'ina ta shiga sai ta gyara gyale ta ce, “Zan je Kumasi, amma ba a mota ba fa, mota ta yara ce.” Ƙawarta Mma Sanatu ta ce, “Ke da ko gadar sama ba ki iya hawa?” Mma ta ce, “Zauna nan ki ci gaba da gadin kaji, zan kawo miki hoto.” Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe su.

Ranka ya daɗe, da ka ga ɗakina yanzu. Ƙullin daddawa tara, kowanne da sunan mai shi. Man kaɗanya bokiti biyu. Doya. Wagashi, wato cuku, daga matar Fulanin da ke kawo min nono, za a kai wa 'yarta. Magajiyar kasuwa ta ba mu atamfa muka ɗinka iri ɗaya ni da Mma. Afa, malamin masallacinmu, ya yi mana addu'a, har ya roƙi Allah ya tsare ƙafafun jirgi. An sa wa Mma lalle hannu da ƙafa kamar za a sake kai ta ɗaki. Ni kuma na yanka zabi bakwai na soya su ƙayau, don ba a shiga Kumasi daga Tamale hannu babu zabo, gori za a yi maka har jikoki.

Na huɗu. Duk wannan bidiri ban kira Idirisu ba, wai ina so in ba shi mamaki. Sai jiya da la'asar, zabi na cikin mai, na kira na ce ya share ɗaki gobe muna hanya, ya kuma je tasha ya kama mana kujera biyu ta Kumasi. Ya ce, “Yaya, wace tasha?” Na ce ta keteke mana. Sai yaron nan ya fashe da dariya, har na ji yana kiran matarsa ta zo ta ji. Ya ce ai jirgin fasinja ya daina zuwa Kumasi tun shi yana saurayi, ciyawa ta cinye layin, awaki ke kiwo a kai. Wanda na gani a talabijin wata hanya ce can daban. Ya ce akwai dai wani ɗan guntun layi kusa da su, shi ma bai san ko yana tashi yanzu ba. Wallahi sai da zabo ɗaya ya ƙone a hannuna.

Ban gaya wa Mma ba. Na kasa. Yau da safe na ji ta tana waƙa tana shafa turare, na shigo ɗaki na sa sakata na ce lissafi nake. Motarmu ƙarfe goma. Zama kuma ba zai yiwu ba, wanda ya karɓi sallama da addu'ar unguwa ba ya wayar gari a ƙofar gida yana sayar da koko. Ni kunyata mai sauƙi ce, na saba. Tsohuwa nake ji, da idon da ba zai jira ku gama taro ba.

Don haka ga roƙona. Ka sa wani ya faɗa min gaskiya, a ƙasar nan ina ne jirgi ke ɗaukar mutane yau, wace rana, ƙarfe nawa, nawa ne kujera. Ko na rabin awa ne muna so, mu je mu dawo mu sake zuwa. In an samu, a bar mata bakin taga, a kuma sa mata ɗan benci a ƙofa don gwiwarta ba ta ɗaguwa. In mun isa Kumasi, ko a mota ne, mai gadin tsohuwar tasha kada ya kore mu, ya bar ta ta shiga ta taɓa ƙarfen da mijinta ya ɗaure. Sanarwarku kuma ku riƙa yi a rediyo da bakin da muke ji. Sannan babba, ranka ya daɗe, ku jawo layin nan ya iso Tamale. Doyarmu kuke ci, shanunmu kuke yankawa, duk a mota suke zuwa muku suna faɗuwa a hanya. Mu ma muna son jin kukan jirgi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya, ya raya maka zuri'a. In mahaifiyarka na da rai Allah ya bar maka ita da idonta garau, in ta riga mu Allah ya haskaka

Tsaya, ana buga ƙofa. Mma ce. Wayyo ni. Tana cewa in buɗe, wai Idirisu ya kira ta tun asuba ya faɗa mata komai. Wai, “Ke kike ɓuya kamar kin saci akuya? In keteke bai zo Kumasi ba, mu mu bi shi inda yake. Ki gaya wa mai jirgin ya wanke taga.”

To ka ji da kunnenka, ranka ya daɗe. Ga yalo-yalo nan ma ya iso, ban ko ɗaura ɗankwali ba. In mun haɗu akwai zabonka.

Wassalam, ina zuwa Mma, kada ki karya min ƙofa!