Murfi Ɗaya, Makaranta Arba'in

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya jikin matarka a asibiti? Allah ya ƙara sauƙi.

Ramin tsohon masai da ke bayan ajina ya rufta tun watan jiya, baki buɗe, ga yara 'yan aji ɗaya suna tsere a gefensa. Na kai ƙara ofishinku na duba makarantu har sau uku. Jiya mutanenku suka zo da murfin ƙarfe a bayan mota. Har na fara sa musu albarka! Suka ɗora, suka jera yara suka ce su yi murmushi, aka ɗauki hoto, sannan suka ciccibi murfinsu suka mayar mota. Wai makaranta ta gaba na jira. Wallahi ƙyama ta hana ni cin abinci. Yaya, aikin da kake sa babbar riga kana zuwa ke nan?

Ƙanwarka.

*

Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mai jiki da sauƙi.

Rahoton da ke gabana ya nuna an rufe ramin, har da hoto. Murfi ɗaya aka ba mu, makarantu arba'in, ya kike so mu yi? Ki rage zafin kai, kuma ki daina rubuta irin wannan, takarda tana da ƙafa.

Zan turo miki 'yata Auta ta zauna wurinki har uwarta ta fito daga asibiti.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice.

Ranar Talata 'yar wata mai wanki ta faɗa ramin nan har wuya. Da wuyan riga na fizgo ta. Ni na wanke ta da hannuna, tana amai ina amai, har yau warin bai bar hancina ba. Uwarta ta zo tana kuka, hedimasta ya buɗe mata rahotonku ya ce, "Baiwar Allah, ramin nan a rufe yake, ga hoto." Tir!

Na ciro ƙofar ajina na kwantar a bakin ramin, na danne da duwatsu. Yau sai ga takardar tuhuma, wai na lalata kayan gwamnati. Na duba ƙasa, sa hannunka ne. Ko kunya, Yaya?

Ƙanwarka.

*

Malama,

Gaisuwa. Takardu ne tuli aka kawo mini, na sa hannu ban karanta ba. Amma tunda ta fita, ta fita. Ki mayar da ƙofar nan kafin Litinin, in ba haka ba aikinki zai tafi, kuma ba abin da zan iya yi.

Auta na hanya. Don Allah kada ki kai ta makarantarku, ta zauna a gida.

Yayanki.

*

Yaya,

Auta ta iso lafiya, tana gaishe ka. Yarinyar akwai gudu, tubarkalla, ba ta zama wuri ɗaya.

Ba ni da mai tsaron ta a gida, don haka na rubuta sunanta a ajina. Litinin za ta fara. Kada ka damu, ai rahotonku ya ce ramin a rufe yake.

Sai ka faɗa mini: ƙofar, in mayar ko in bari?

Ƙanwarka.