Mai Fito da Ƙwarya a Hannu

Daga:
Malama Murjanatu Abdulrahman,
Ajin Share Fage,
Makarantar Al'umma ta Tungar Kulu,
Gaɓar Tafkin Kainji.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Kula da Makarantun Al'umma na Bakin Ruwa,
Yelwa-Yauri.

25 ga Nuwamba, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN YADDA MALAM HABIBU MAIKUƊI YA AUNA ZANE DA RUBUTUN YARAN AJINA, DA ABIN DA YA YI WA ƊALIBA SUSAN ENOCH

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basirar jagoranci, ina neman izinin gabatar da kokena. Ban saba kai ƙarar abokin aiki ba, balle wanda ke sama da ni. Amma abin da na gani a ajina ranar Talata, 12 ga Nuwamba, ya tsaya mini a rai, kuma har yau akwai yarinya ƴar shekara biyar da ke zaune gida saboda shi.

A wannan zango muna darasin Masu Taimakon Al'umma. Na umarci kowane yaro ya zana mutumin da ke taimakon garinsu, ya rubuta sunan aikinsa a ƙasa gwargwadon iyawarsa. Kwamitinka ne ya turo Malam Habibu Maikuɗi ya auna wannan aiki, domin da sakamakon ne za a san masu wucewa aji ɗaya. Ga abin da ya biyo baya.

1. Ya zo da allon hotuna mai ɗauke da likita, ɗan sanda, ɗan kwana-kwana da mai rarraba wasiƙu, ya ce duk wanda bai zana ɗaya daga cikinsu ba ya kauce hanya. Ranka ya daɗe, yaran nan ba su taɓa ganin motar kwana-kwana ba, in gobara ta tashi a tungarmu da bokiti ake gudu bakin ruwa. Sun zana ungozoma, mai gyaran komar kamun kifi, mai niƙa, mai yi musu allura. Duk ya bi su da jan biro.

2. Bai tambayi ko yaro ɗaya abin da ya zana ba. Wanda duk ya taɓa zama da ƙananan yara ya san zanensu rabi a takarda yake, rabi a baki. Sai ka durƙusa ka ce, "Ba ni labarin wannan," ka ji, ka rubuta abin da ya faɗa a gefe, sannan ka duba riƙon fensirinsa, da ko ya soma bambanta zane da harafi, da ko ya kamo sautin farko na kalma. Abin da ake aunawa ke nan a wannan mataki, kuma a horon da kwamitinka ya ba mu aka koya mini shi. Malam Habibu yana kan kujerata, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana juya takardun da ƙarshen biro kamar mai tsoron kada su shafa masa wani abu.

3. Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Susan Enoch tana zaune ne a ƙetaren ruwa. Iyayenta manoma ne da suka sauko daga kan tudu, kuma in tafki ya cika ba ta da hanyar zuwa makaranta sai jirgin wani dattijo, Malam Baƙo, wanda ke fiton yara safe da rana. Shi ta zana. Ta yi jirgin kamar rabin ƙwarya babba, ta tsayar da mutum a ciki, gwangwalar tuƙi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma ƴar ƙwaryar da yake kwarfe ruwa da ita. A ƙasa ta rubuta MAI FITO. Harafin F ɗinta ya juya baya, amma kalma biyu cikakku ne, da tazara a tsakani, kuma babu wanda ya kama mata hannu. A duk ajin babu wanda ya kai nan. Ranar da ta yi shi sai da na kai wa shugaban makaranta ya gani.

Malam Habibu ya ɗaga takardar, ya karanta sunan da ke sama, ya taɓe baki. Jirgin ya zama masa tukunya, gwangwala ta zama muciya, ƙwarya kuwa ta shan giya. Wato fiton da ya karanta shi ne wanda ake dafawa da dawa, ba na ƙetare ruwa ba. Na yarda a rubuce kalmar ɗaya ce. Amma mutumin nan haifaffen Yelwa ne, tun yana goye ake fito da shi. Da sunan Musulma irin Yasira ko Zulai'atu ya gani a saman takardar nan, wallahi jirgi zai gani. Wannan ne abin da ke tayar mini da zuciya duk lokacin da na tuna, kuma ina roƙon a gafarce ni da na faɗe shi a fili cikin takardar ofis.

4. Bai tsaya nan ba. Ya kira yarinyar gaban aji, ya nuna wa ƴan'uwanta zanen, ya ce su dubi mutumin banza, mashayi, wanda aka koya wa wannan a gida cewa shi ne mai taimako. Yara suka yi dariya, don sun ga babba yana dariya. Susan ta ce da ƙaramar murya, "Baba Baƙo na, shina kwarfe ruwa." Bai ji ba, ko kuma bai so ji ba. Na matso na ce ai mai jirgi ne, ya ɗaga mini hannu ya ce ba ni ya zo aunawa ba tukuna, in jira rabona. Sannan ya ratsa zanen da jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta "Rashin tarbiyya", ya ba ta sifili, ya saka takardar a jakarsa wai hujja ce. Mutumin da ya kira mashayi, ranka ya daɗe, shi ne ladanin masallacin tungarsu. Ko da ma ba ladani ba ne, ko da fiton dawa yarinyar ta zana, ban san dokar da ta ce a tsayar da ƴar shekara biyar a yi mata ihu ba.

5. Ranar Alhamis, 14 ga wata, na kai maganar ga shugaban makarantarmu. Ya kira Malam Habibu a waya a gabana, ya yi masa bayani dalla-dalla. Amsar da muka samu ita ce ya riga ya miƙa sakamako, kuma shi ba ya komawa baya a kan aikinsa. Ko "ashe" bai ce ba.

6. Tun daga ranar Susan ba ta sake taka makaranta ba. Ranar Asabar, 23 ga wata, na ƙetara na sami mahaifiyarta, Lydia, tana sussukar gero. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta ce, "Malama, mi munka yi ma babban malamin ga? Ɗiyag ga ko ƙasa ba ta ƙara zanawa ba." Kunya ta rufe ni, don a hannuna ta ba da amanar. Na ɗauka kunyar ƴan aji ce ta hana yarinyar zuwa, ashe abin ya wuce nan. Kullum da safe uwar kan yi mata wanka, ta sa mata kayan makaranta, ta kai ta bakin ruwa. Da ta hango Malam Baƙo sai ta ƙanƙame zanen uwar tana kuka. Ta ce babban malam ya ce mutumin banza ne, ba za ta shiga jirginsa ba. Dattijon ya yi lallashi har ya gaji, bai ma san laifinsa ba.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka:

(a) A soke sakamakon ranar 12 ga Nuwamba gaba ɗaya, a turo wani ya sake auna yaran, wanda zai iya durƙusawa ya tambaye su.

(b) A dawo mini da zanen Susan, ko da jan biron a kansa.

(c) A umarci Malam Habibu Maikuɗi ya zo Tungar Kulu da kansa. Takardar ban haƙuri ba za ta yi ba, Susan ba ta kai karanta ta ba. Na gaya mata kuskure ne, uwarta ta gaya mata, fastonsu ma ya gaya mata, duk ta ƙi, domin a wurinta babban malam ya fi mu duka sani. Bakin da ya faɗa mata kaɗai za ta yarda da shi. Ya zo bakin ruwan tungarsu da safe, ta gan shi da idonta ya gaida Malam Baƙo, ya shiga jirgin ya zauna.

Ina roƙon a yi wannan kafin a rufe zango. In aka tafi hutu a haka, iyayen sun ce ba za su ƙara tilasta mata ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka fi ƙarfin son zuciya. Na gode da sauraro.

Taka mai biyayya,

(Sa hannu)
Murjanatu Abdulrahman
Malamar Ajin Share Fage

Kwafi zuwa ga: Shugaban Makaranta, da kuma Malam Enoch Peter, mahaifin ɗaliba.